Yadda Greg Abbott ya zama gwamnan Texas a kan keken guragu, da abin da mulkinsa ya yi wa masu nakasa

Wani mai karatu ya tambaya ta yaya mutumin da ba ya iya tsayawa da ƙafafunsa ya ci zaɓen gwamnan jihar Texas ta Amurka har sau uku a jere, kuma ko zamansa a wannan kujera ya sauƙaƙa rayuwar sauran masu nakasa a jihar. Tambayoyi biyu ne a haɗe, kuma amsoshinsu ba su tafi hanya ɗaya ba. Ta farko tana da amsa mai ƙarfafa gwiwa, ta biyu kuwa tana buƙatar a duba ayyukan mutumin ɗaya bayan ɗaya, domin abin da aka gani a cikinsu bai yi daidai da abin da mai tambaya yake fata ba.

An haifi Gregory Wayne Abbott ranar 13 ga Nuwamba, 1957, a garin Wichita Falls, ya kuma yi sakandare a Duncanville kusa da birnin Dallas, inda yake cikin 'yan wasan tsere na makarantar. Mahaifinsa ya rasu sakamakon ciwon zuciya yana ɗan shekara 16. Ya karanci harkar kuɗi a Jami'ar Texas da ke Austin ya gama a 1981, shekarar da ya auri matarsa Cecilia, jikar wasu baƙi da suka zo daga Meziko, sannan ya yi digirin lauya a Jami'ar Vanderbilt ya kammala a 1984. Ranar 14 ga Yulin wannan shekara, yana tsakiyar shirin jarrabawar zama lauya, ya fita gudun motsa jiki a unguwar River Oaks ta birnin Houston bayan an yi ruwa da iska, sai wata ƙatuwar bishiya ta karye ta faɗo masa a baya. Ƙashin bayansa ya farfashe, lakarsa ta taɓu, likitoci suka dasa masa ƙarafa biyu a gadon baya, kuma tun daga ranar jikinsa ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Shekarunsa 26 a lokacin.

Abin da ya biyo bayan haɗarin shi ne ginshiƙin duk wannan labari, kuma shi ne wurin da masu ba da tarihinsa a taƙaice suka fi tsallakewa. Abbott ya kai ƙarar mai gidan da bishiyar take a gabansa da kuma kamfanin da aka ɗauka domin kula da ita, aka yi sulhu a kan cewa kamfanonin inshora za su riƙa biyansa diyya kowane wata har ƙarshen rayuwarsa, tare da wasu dunƙulallun kuɗi da ake ba shi bayan kowace shekara uku na wani tsawon lokaci. Lokacin da bayanan yarjejeniyar suka fito fili a 2013, abin da yake karɓa a wata ya kai kimanin dala 14,000 ba tare da haraji ba, jimillar abin da ya shiga hannunsa kuma ta kai miliyoyin daloli. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon laka ya san ma'anar wannan kuɗi. Keken da ya dace da jikin mutum, matashin da ke hana gyambon zama, motar da aka gyara ta yadda za a tuƙa ta da hannu, gidan da aka faɗaɗa ƙofofinsa da banɗakinsa, da ganin likita a kan kari, su ne ke raba wanda zai koma bakin aiki da wanda zai ƙare rayuwarsa a kan gado. Ba na rage masa komai daga jajircewarsa, domin akwai masu kuɗin da suka karaya bayan irin wannan rauni, amma jajircewar ta samu abin da za ta tsaya a kai.

Abu na biyu da ya taimaka masa shi ne sana'arsa. Aikin lauya aiki ne na karatu da rubutu da iya magana, don haka raunin bai taɓa jarinsa ba. Ya yi aiki a wani kamfanin lauyoyi a Houston daga 1984 zuwa 1992, sannan aka zaɓe shi alƙalin kotun gunduma, domin a Texas zaɓen alƙalai ake yi a ƙarƙashin tutar jam'iyya kamar sauran 'yan siyasa. Bayan kimanin shekara uku, gwamna George W. Bush ya naɗa shi alƙali a Kotun Ƙolin jihar, ya kuma kare kujerar a zaɓukan 1996 da 1998. A 2001 ya ajiye alƙalanci, a 2002 ya ci zaɓen Antoni Janar na jihar a jam'iyyar Republican bayan ya kayar da Kirk Watson, tsohon magajin garin Austin, ya riƙe muƙamin har shekara 12.

A wannan ofis ne sunansa ya fita daga Texas. A 2005 ya bayyana da kansa a gaban Kotun Ƙolin Amurka yana kare wani dutse da aka rubuta Dokoki Goma na Attaura a kansa, wanda ke harabar majalisar jihar, kotun kuma ta ba shi gaskiya da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Bayan hawan Barack Obama mulki ya mayar da ofishin wurin ƙalubalantar gwamnatin tarayya, inda ya shigar da ƙara kusan sau 30 a kan dokar kiwon lafiya da ƙa'idojin kare muhalli da dokokin zaɓe, har yakan gaya wa magoya bayansa cewa aikinsa shi ne ya je ofis ya kai gwamnatin tarayya ƙara ya koma gida. Wasu ƙararrakin ya yi nasara, da yawa ya faɗi, amma a jihar da mafi yawan masu zaɓe ke ganin Washington tana yi musu katsalandan, shigar da ƙarar ma kaɗai riba ce a siyasance.

Da gwamnan jihar na lokacin, Rick Perry, ya ce ba zai sake tsayawa ba, Abbott ya ƙaddamar da takararsa ta gwamna a San Antonio ranar 14 ga Yuli, 2013, wato ranar da haɗarinsa ya cika shekara 29, kuma da gangan aka zaɓi ranar. A nan ne ya bambanta da gwamnonin Amurka biyu da suka riga shi mulki a kan keke. Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921 ya kuma zama gwamnan New York a 1929 kafin ya zama shugaban ƙasa, ya ɓoye kekensa iyakar iyawarsa: yakan ɗaura ƙarafa a ƙafa ya dafa hannun wani domin a ga kamar yana tafiya, 'yan jarida kuma suka taya shi rufa asiri, shi ya sa hotunansa a kan keke ba su taka kara sun karya ba. George Wallace na Alabama kuwa yana kan mulki aka harbe shi a 1972, don haka jama'a sun san shi tun yana tsaye. Abbott ya shiga siyasa daga tushe a kan keke, bai ɓoye shi ba, ya ma mayar da shi abin yaƙin neman zaɓe. Yakan ce 'yan siyasa da yawa suna iƙirarin suna da ƙashin baya na ƙarfe, shi kuwa nasa na ƙarfen ne da gaske. A wani tallansa na talabijin a 2014 an nuna shi yana tura kekensa zuwa saman wani bene na ajiye motoci mai hawa takwas, yana bayanin cewa haka ya riƙa yi bayan jinya domin ya ƙarfafa hannuwansa, duk lokacin da ya gaji sai ya ce wa kansa saura hawa ɗaya.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa wannan labari ne ya ci masa zaɓe. Tun 1994 jam'iyyar Democrat ba ta ci wani muƙami na faɗin jihar Texas ba, saboda haka duk wanda ya samu tikitin Republican ya riga ya yi rabin tafiya, Abbott kuma gwani ne wajen tara kuɗin kamfe, har ta kai manyan 'yan jam'iyyarsa ba sa sha'awar ja da shi. Ya kayar da Wendy Davis a 2014 da kashi 59 cikin ɗari a kan kashi 39, ya kayar da Lupe Valdez a 2018 da kusan kashi 56, sannan ya kayar da Beto O'Rourke a 2022 da kusan kashi 55. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne keken bai rage masa ƙuri'a ba, kuma wannan kansa babban canji ne idan aka tuna irin wahalar da Roosevelt ya sha wajen ɓoye nasa. Duk lokacin da abokan hamayya suka taɓo keken, su ne suke kwana a ciki. Kwamitin kamfen Davis ya fitar da talla a Oktoban 2014 da ya buɗe da hoton keken guragu babu kowa a kai, aka yi ta sukarta har daga cikin masu goyon bayanta, haka nan a 2025 wata 'yar majalisar tarayya daga Dallas ta yi masa laƙabi da ya danganci ƙafafun keke, ita ma ta sha suka.

Abin takaici game da tallan Davis shi ne hoton keken ya danne maganar da ke cikinsa, alhali maganar tana da nauyi, kuma ita ce ta kai mu ga tambaya ta biyu. Zargin shi ne mutumin da ya tsira da diyyar kotu ya shafe rayuwarsa ta aiki yana ƙuntata wa wasu hanyar samun diyya. Abbott yana cikin masu goyon bayan gyaran dokar ƙararrakin diyya, wanda a 2003 ya kai ga ƙayyade abin da majiyyaci zai iya samu daga likita saboda raɗaɗi da wahala, ban da asarar kuɗi ta zahiri, a kan dala 250,000. Amsarsa ita ce ƙararsa ba ta sakacin likita ba ce, kuma wanda bishiya ta faɗa wa a yau yana iya shigar da irin ƙarar da ya shigar, sannan masu goyon bayan gyaran suna cewa ya rage tsadar inshorar likitoci ya jawo su jihar. A harafin doka amsar tana da gaskiya. Amma lauyoyin masu neman diyya sun daɗe suna nuna cewa hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Texas, tun daga shekarun da yake zaune a cikinta, sun ƙara wa mai rauni wahalar cin shari'a a kan masu kadara da kamfanoni, kuma iyakar da aka sa ta fi cutar da yara da tsofaffi da waɗanda ba su da albashi, domin su ba su da wata asarar kuɗin shiga da za su lissafa. A ganina wannan suka tana nan daram, ko da kuwa an yi ta ne ta hanyar da ba ta dace ba.

Akwai kuma batun Dokar Amurkawa Masu Nakasa, wadda shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990, shekara shida bayan haɗarin Abbott. Wannan doka ce ta wajabta wa ofisoshin gwamnati da wuraren kasuwanci su samar da hanyar shiga ta keke da banɗaki da na'urar hawa bene, ta kuma haramta ƙin ɗaukar mutum aiki saboda nakasarsa. Domin a gane yadda abin yake kafin dokar ta kankama, sai a tuna shari'ar George Lane a jihar Tennessee, mutumin da ke kan keke wanda sai da ya ja jiki ya hau matakala kafin ya isa ɗakin shari'a a bene, kuma a 2004 ne Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar masa da ikon kai jihar ƙara. Abbott, wanda yake alƙali a kan keke a Houston a farkon shekarun 1990, yana cikin mutanen farko da suka ci moriyar wannan doka, shi kansa kuma yana cewa yana goyon bayanta. Duk da haka, a shekarunsa na Antoni Janar, idan mai nakasa ya kai wata hukumar jiha ko jami'ar gwamnati ƙara a ƙarƙashin dokar, ofishinsa yakan tsaya a kan hujjar cewa jiha tana da kariya daga irin wannan ƙara, ma'ana kotu ta kori shari'ar tun kafin a saurari abin da aka yi wa mutumin. Ya kare kansa da cewa aikin Antoni Janar shi ne ya kare jiha da duk wata hujja da doka ta ba shi. Gaskiya ne lauya yana da wannan nauyi, amma Antoni Janar zaɓaɓɓe yana da ikon zaɓar hujjar da zai kawo da wadda zai bari, kuma mutumin da ya zaɓi kai gwamnatin tarayya ƙara sau da dama bai rasa 'yancin yin sulhu da makaho ko kurma da ke neman a gyara masa wurin aiki ba.

Da ya zama gwamna ranar 20 ga Janairu, 2015, abin da ya fi shafar masu nakasa ya koma kan kasafin kuɗi, musamman shirin kiwon lafiyar marasa ƙarfi da ake kira Medicaid. Texas tana cikin tsirarun jihohin da suka ƙi faɗaɗa shirin kamar yadda dokar kiwon lafiya ta Obama ta ba da dama, Abbott kuma yana kan gaba wajen ƙin. Kasafin farko da ya sa wa hannu a 2015 ya zaftare kimanin dala miliyan 350 daga kuɗin da ake biyan masu gashin ƙashi da masu koyar da magana ga yara masu nakasa, aka yi ta shari'a a kai, daga baya majalisa ta mayar da wani ɓangare. Jerin masu jiran tallafin kulawa a gida, wanda ke ba mai nakasa damar zama cikin iyalinsa maimakon a kai shi gidan jinya, ya haura mutum 100,000, wasu kuma sukan shafe fiye da shekara goma suna jira. Ma'aikatan da ke zuwa gida su ɗaga mutum daga gado su yi masa wanka su sa masa kaya, mafi ƙarancin ladansu a shirin ya daɗe a dala 8.11 a awa kafin a ɗaga shi zuwa dala 10.60 a 2023, kuɗin da mai sayar da abinci a shago yakan fi shi samu a lokacin, shi ya sa samun ma'aikacin ke da wuya. Wannan adadi ya fi duk wani jawabi bayyana halin da mai ciwon laka marar diyya yake ciki a jihar, domin wanda bai samu mai ɗaga shi da safe ba, ba zai je makaranta ko aiki ba, balle ya yi tunanin takara.

Adalci ne a faɗi inda aka samu gyara a zamaninsa. A 2016 jaridar Houston Chronicle ta bankaɗo cewa tun 2004, shekaru kafin hawansa, hukumar ilimi ta jihar ta sa wa makarantu ma'aunin kada yaran da ke samun ilimi na musamman su wuce kashi 8.5 cikin ɗari, abin da ya hana dubban yara taimakon da doka ta ba su. A 2017 ya sa hannu a dokar da ta haramta irin wannan ma'auni, kuma da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tabbatar a farkon 2018 cewa jihar ta karya doka, ya umarci hukumar ta fito da tsarin gyara cikin gaggawa. Ya kuma sa hannu a 2015 a dokar da ta ba masu nakasa damar buɗe asusun ajiya na musamman ba tare da sun rasa tallafin gwamnati ba. Amma a 2021, lokacin annobar korona, umarninsa na hana makarantu tilasta sanya takunkumin fuska ya sa wata ƙungiyar kare haƙƙin masu nakasa ta kai shi ƙara a madadin yara masu raunin garkuwar jiki, alƙalin tarayya ya ce umarnin ya saɓa wa dokar 1990, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo baya. Dokar zaɓe da ya sa wa hannu a wannan shekara ta 2021, wadda ta ƙara sharuɗɗa ga masu taimaka wa mai zaɓe da masu jefa ƙuri'a ta gidan waya, ita ma ƙungiyoyin masu nakasa suna cikin waɗanda suka ƙalubalance ta a kotu.

Sauran abubuwan da duniya ta fi saninsa da su ba su da alaƙa da keke. Shi ne ya ƙaddamar da shirin tsaron iyakar Meziko a Maris 2021, ya fara loda baƙin haure a motocin safa zuwa Washington da New York da Chicago daga 2022, ya sa hannu a dokar hana zubar da ciki daga kimanin mako shida, kuma a kansa aka ɗora laifi mai yawa lokacin da sanyin Fabrairun 2021 ya durƙusar da wutar lantarkin jihar, inda alƙaluman hukuma suka nuna mutum 246 sun mutu. A kundin tsarin Texas kujerar gwamna ba ta da ƙarfi sosai, domin mataimakin gwamna da Antoni Janar zaɓensu ake yi daban, majalisa kuma kwana 140 kawai take zama a cikin shekara biyu, amma Abbott ya ƙara wa kujerar nauyi ta hanyar naɗe-naɗe da hawa kujerar na-ƙi da kiran zama na musamman, da kuma zuba kuɗi domin kayar da 'yan jam'iyyarsa da suka saɓa masa, kamar yadda ya yi a zaɓen fid da gwani na 2024 a kan batun ba iyaye kuɗin gwamnati su kai yara makarantun kuɗi, dokar da ya samu ya sa wa hannu a 2025.

Ga mai tambaya, hukuncina shi ne Abbott ya tabbatar wa jiha mai mutum fiye da miliyan 30 cewa ana iya yin alƙalanci da jagorancin ma'aikatar shari'a da gwamna daga kan keke, ana iya zagaya gundumomi 254 a nemi ƙuri'a, ana kuma iya tsayawa a kan aiki a lokacin bala'i irin guguwar Harvey ta 2017, kuma yaron da ya taso a kan keke a Texas yau yana ganin haka a talabijin ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba. Amma bai taɓa gabatar da kansa a matsayin wakilin masu nakasa ba, ƙungiyoyinsu ma ba su ɗauke shi haka ba. Yana kallon abin da ya same shi a matsayin jarrabawar da mutum ke ci da ƙoƙarin kansa, su kuwa suna kallon nakasa a matsayin matsalar da matakala da rashin ma'aikacin kulawa da rufaffiyar ƙofar kotu ke ƙara tsanantawa, kuma tarihin rayuwarsa, daga diyyar da aka biya shi zuwa dokar 1990, ya fi goyon bayan fahimtarsu a kan tasa. Tsarin mulkin Texas bai sa wa gwamna iyakar wa'adi ba, Rick Perry ya yi shekara 14 a kujerar, saboda haka jerin masu jiran kulawa a gida da ladan masu yi musu hidima suna nan a gaban Abbott muddin yana ofis, kuma su ne abubuwa biyu da ya kamata mai bibiyar wannan batu ya riƙa dubawa duk lokacin da majalisar jihar ta zauna a kan kasafi.